Neman Kabarin Amrikani

Ba zan ɓata takarda a kan yadda na bar gida ba, kowa ya san yadda ake barin gida. Abin da ya fitar da ni shi ne abin faɗa, don ba ɗokin a kira ni Alhaji ba ne, ko da yake na gode wa Allah da ya haɗa mini da shi.

Mu maƙera ne a wani ƙauye na ƙasar Kazaure. Kakana Mamman mahara suka kama shi a gona yana da ƙuruciyarsa, kwana kaɗan bayan an yi sunan ɗansa na fari. Wannan ɗan shi ne mahaifina, Haruna. Na rubuta sunan ne don labarin ba ya tafiya sai da shi, amma ba abin da bakina ya saba faɗa ba ne.

Shekara talatin babu amo babu labari. Sai wani alhajin garinmu ya dawo daga Makka da maɓallin tagulla mai hoton mikiya, ya ce Mamman ne ya ba shi ya kawo gida, yana nan da ransa. Da a nan ya tsaya da an yi guɗa. Sai ya ƙara da cewa an yi ta sayar da Mamman hannu zuwa hannu har bayan teku, wata ƙasa wai ita Amurka, ya yi wa Nasara soja a wani yaƙi da suka yi tsakaninsu, kuma shi da idonsa ya ga zanen gicciye a hannunsa. Limamin wancan lokaci ya yanke magana: wanda ke ɗauke da gicciye a jikinsa ba a roƙa masa gafara, ba a yi masa sadaka.

Da wannan Baba ya tsufa. Shekara hamsin, in an ɗaga hannu ana yi wa iyaye addu'a, shi sai ya ambaci uwarsa ya yi shiru. Da ya makance, ya kira ni ya danƙa mini maɓallin.

"Je ka gano mini da me ya cika," in ji shi. "Kada ka kawo mini ƙarya don tausayi. Zan gane."

Na tafi ina da shekara arba'in da wani abu, shekaru kaɗan kafin yaƙin Hitila. A Wadai na yi damina ina gyara fartanya ana biyana da hatsi. A Madani ta ƙasar Sudan na yi kaka biyu ina cirar auduga har yatsuna suka daina jin zafin ƙaya. A Sawakin muka shiga jirgin wani Balarabe da ya rantse a Jidda zai sauke mu, ya sauke mu a wani gaɓa da babu ko bukka, ya nuna mana arewa da haɓa ya juya. Kwana huɗu muna tafiya a rairayi. Wata tsohuwa mai kiwon raƙuma ta tatsa mana nono a ƙwarya ɗaya mu bakwai, ba ta jin maganarmu ba ma jin tata. Duk inda take Allah ya ba ta inuwa. Duk wannan hanyar maɓallin yana ɗinke a bakin wandona, kuma duk safiya sai na yi tunanin ko Baba ya kwana.

Bayan shekara uku cif na shiga Makka. Na yi aikin hajji, amma zuciyata rabe take. A Arfa kowa yana kuka yana jero matattunsa. Ni ma na buɗe baki a kan kakana, sai na tuna ban san matsayinsa ba, na rufe.

Bayan an watse na koma Jarwal, unguwar da mutanenmu suka fi yawa. Ɗakunan lokacin da gwangwanin kananzir da tsohon buhu ake yinsu, rana ta buga su mutum ya ji kamar yana cikin maƙera. Wata mai ƙosai, Hajiya Kaltume, wadda iyayenta suka zo da ita ta Sudan tun tana goye, ta bar ni ina kwana a rumfar itacenta, ni kuma ina liƙe mata tukwane. Abokan tafiyata sun ce kwana goma za su ƙara su kama hanyar gida, don askarawa sun fara kame irinmu da suka shigo babu takarda. Wanda aka kama sai Jidda, a tsare shi har ranar da aka ga dama. Ni kuma na san ba ni da wata shekarar da zan ƙara wa Baba.

Na fara tambaya, kuma a nan na yi wautata. Kunya ta hana ni ambaton soja ko Amurka. Sai in ce ina neman labarin wani Mamman maƙeri, mutumin Kazaure. A Jarwal kuwa in ka jefa tsakuwa a kan Mamman za ta faɗa. An kai ni wurin Mamman mai ɗinki, da Mamman mai zamzam, da gidan wani Mamman da bai fi ni shekaru ba. Kwana huɗu suka tafi a haka.

Rana ta biyar wani mai farar riga tas ya tare ni a bakin masallaci. Ya ce sunansa Abbas, Hausarsa ta Kano ce zalla, ya ce ya ji ɗan'uwa yana wahala. Na gaji, sai na zazzage masa komai, har da gicciyen. Bai ko girgiza ba. Ya ce ai ya san mutumin, waliyyi ne, a sujada ya cika. Ya ja ni har maƙabartar Ma'ala, ya tsaya a kan wani baƙin dutse ya ce ga shi nan. Na tambaye shi dogo ne ko gajere, ya dube ni ya ce kamar ni. Na ce a wane hannu zanen yake, ya ce ai tuni Allah ya shafe shi. Duk abin da kunnena yake so shi yake zuba mini.

Ba zan ɓoye ba, na so in karɓa. Na tsaya a kan dutsen ina cewa a raina wa zai sani. Sai na ji muryar Baba yana cewa zai gane. Na ce wa Abbas ina son in ji daga bakin wanda ya ga cikawarsa. Ya ce akwai wani dattijo, amma ba ya ganin baƙi sai ya ga alama, in ba shi maɓallin ya kai masa, bukura da safe mu haɗu a nan. Bukura ita ce gobe a bakinsu. Na farke ɗinkin da na yi tun a gida na miƙa masa.

Na yini biyu a bakin maƙabarta. Har yau ban sake ganin Abbas ba.

Da na gaya wa Hajiya Kaltume, ba ta ma ɗago daga kaskonta ba. Ta ce wannan dutsen a makon jiya kabarin uwar wani Bazazzagi ne, bara kuma na wani shehi daga Borno. Ta ce in buɗe ido in duba, akwai kabari mai suna a Ma'ala? Tun da sababbin masu mulki suka zo aka baje komai ya zama ɗaya. Sannan ta tambaye ni me ke jikin maɓallin da har nake neman yin kuka a gaban mata. Na gaya mata.

Ta ajiye cokalin. "Sojan Nasara? Kai kuwa wane irin mutum ne, kwana nawa kana cin ƙosaina ba ka faɗa ba? Ai Amrikani kake nema."

Ta ce ta san shi tana yarinya, tsoho ne mai ɗingishi, yana da maƙera a unguwar Tandabawi, yara suna binsa suna roƙo ya yi musu Turanci. Ya rasu fiye da shekara ashirin. Na tambaye ta halinsa. Ta taɓe baki ta ce ba ya shiga mutane, kuma manya suna cewa zaman Nasara ya cire masa kunya, don a tsakiyar kasuwa sai ka ji ya ɗaga murya yana kiran ɗansa na fari da sunansa, Usman, Usman, kamar yana kiran bawa. Da na ji haka na ce a raina wanda ya yar da wannan me kuma bai yar ba. Ta ce Usman ɗin ya rasu, amma akwai ɗansa Siraju, da ƙanwar Usman ɗin, Zainabu, tsohuwa ce yanzu ba ta fita.

Ta kwatanta mini gidansu na je. Gidan na dutse ne, da taga ta katako mai huda-huda a sama, irin wadda mata ke leƙe ta ciki ba a ganinsu. Siraju ya fito, matashi ne mai aikin gwamnati, ya dube ni daga rawani har faso. Ya fara da Larabci, da ya ga ban gane ba ya juya zuwa wata Hausa mai ƙashi. Na ce masa ni jikan Mamman ne ta wurin ɗan da ya bari a gida. Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba. Ya ce kowace shekara in an sauko daga Arfa sai gidan nan ya yi 'yan'uwa, kowa yana son a rubuta shi a takardar gida ya zauna. Ya ce ina shaidata. Na ce da akwai, an cuce ni. Ya ce ai kullum haka ne, ya rufe ƙofa.

Washegari na koma, ba a buɗe ba.

Rana ta uku da hantsi askarawa suka shiga Jarwal. Ina cikin liƙin tukunya na ji gudu. Hajiya Kaltume ta tura ni bayan tarin itace ta jefa mini buhunan gawayi, ta koma ta ci gaba da suya tana yi musu tayin ƙosai. Ina jin takalmansu a gefen kaina. Sun kama biyu daga cikin abokan tafiyata. Sauran suka aiko mini cewa ba za su cika kwana goman ba, gobe da asuba za su fita, in ina zuwa in zo.

Ban ko kakkaɓe gawayin ba na nufi Tandabawi. Na buga ƙofa har Siraju ya fito. Ya ce in ban bar ƙofarsu ba zai kira askari, ga su can a bakin titi. Na zauna a kan dakalin na ce ya kira su. Na ce shekara uku na yi a hanya, ba gidansu nake so ba, ba takardarsu ba, tambaya ɗaya ce da ni, akwai makahon tsoho da ke jiran amsarta. Ya taka ya nufi titin da gaske. Na ga ya ɗaga hannu.

Sai murya ta fito daga tagar sama, muryar tsohuwa, Hausarta irin ta gida. Ta ce wa Siraju ya dakata. Ta ce da ni, bawan Allah, ka yi kuskuren gida, mahaifinsu ba shi da wani ɗa kafin Usman, duk Makka ta san Usman ne na fari.

Ni ba mai kaifin kai ba ne, allo ma a izu biyar na bar shi. Amma da ta faɗi haka sai maganar Hajiya Kaltume ta dawo mini ta juye. Ni kaina ina da ɗan fari, shekararsa ashirin, ban taɓa kiran sunansa ba. Baba bai taɓa kiran na yayana ba. A gidanmu ba a yi.

Na miƙe na ɗaga kai wajen tagar. "Gwaggo, in ya kira Usman da suna a kasuwa, to ba kunya ya rasa ba. Usman ne ba na fari ba. Ki tuna, babu wani suna da bai taɓa fita daga bakinsa ba?"

Siraju ya tsaya a tsakiyar lungu, askari ɗaya ya fara tahowa.

"Faɗe shi," in ji ta.

Tun da aka haife ni ban taɓa faɗarsa da ƙarfi ba. Na ce, "Haruna."

Na ji wani abu ya faɗi a sama, kamar kwano. Sai ta yi wa Siraju magana da Larabci da sauri, ya juya ya tari askarin, ban san me ya gaya masa ba, na dai ga askarin ya koma. Aka buɗe mini ƙofa.

Ƙaramar tsohuwa ce, amma goshin Baba ne a fuskarta, har da yadda yake karkata kai in zai saurara. Ta ce akwai wani mai kawo musu ruwa da ya yi shekara da shekaru yana shiga gidan, sunansa ke nan, amma mahaifinsu bai taɓa kiransa da shi ba, sai dai ya ce mai sunan yaro. Sun tambaya wane yaro, ya yi kamar bai ji ba. Sun ɗauka wani ne da ya mutu a gabansa a wurin yaƙi. Ta sa aka jawo akwati, ta fito da wata shuɗiyar riga mai kauri da asu ya ci, maɓallan mikiya a jere, gurbi ɗaya babu. Ta fara ba ni labarin yadda ya yi aikin jirgin ruwa bayan yaƙin har ya sauka a Jidda, da yadda ya taɓa kama hanyar gida yaƙin Mahadi ya tare Sudan ya dawo, daga baya ƙafar da harsashi ya fasa ta ƙi.

Na katse ta, Allah ya yafe mini. Na ce ba riga na zo gani ba. Na gaya mata abin da alhajin garinmu ya faɗa da abin da liman ya yanke. Siraju ya taso kamar zai mare ni, ta ɗaga masa hannu.

Ta ce zanen gaskiya ne, ta gan shi, a nan ƙasa da gwiwar hannu. Amma ba gicciye ba ne, hoton ƙugiyar ƙarfen nan ce da ake jefawa a ruwa don jirgi ya tsaya, ma'aikatan jirgi ne suke yi wa junansu. Ta ce ta tuna baƙon, wato alhajin garinmu, tana 'yar shekara takwas, ita ta kawo musu buta. Mahaifinta ya naɗe hannun riga, baƙon ya gani, fuskarsa ta sauya, bai ma tsaya cin abinci ba.

Na ce, "Buta kika ce?"

"Alwala suke yi. La'asar ta yi."

Shekara hamsin. Mutumin ya faɗa wa garinmu abin da ya gani a hannun, bai faɗi abin da hannun yake yi ba.

Ta ce bayan baƙon ya tafi mahaifinta ya shiga maƙera ya sa ƙarfe a wuta, ya ɗora a kan zanen da kansa. Ta ce har yau in ana babbaka layya ɗaki take shiga. Ni maƙeri ne, na san abin da jan ƙarfe yake yi wa fata. Game da yaƙin kuwa, ta ce sau ɗaya ya taɓa magana, ya ce a kan bauta aka yi shi, shi kuma ba don Nasara ya ɗauki bindiga ba, don igiyar da aka taɓa sa masa a wuya ne.

Na ce saura abin da aka aiko ni. Da me ya cika.

Ba ta sassauta mini ba, shi ya sa na yarda da ita. Ta ce zazzaɓi ne, kwana uku ba ya cikin hankalinsa, ba ya Hausa ba ya Larabci sai Turanci, yana ihu kamar ana harbinsa, ba wanda ya san me yake faɗa. Maƙwabta suka fara raɗa. Ita kanta ta tsorata. Ta ce a safiya ta huɗu ya buɗe ido sarai, ya nemi a juya shi ya fuskanci Harami, ya yi kalmar shahada da bakinsa ba wanda ya laƙƙana masa. Sannan ya ce a gaya wa yaron nan bai manta ba. Usman ya matso ya ce ga ni, Baba. Ya girgiza kai. Daga nan bai sake magana ba.

Sai Siraju ya ce shi ma yana cikin waɗanda suka bi gawar, yana ɗan shekara goma, a gaban Ka'aba aka yi mata salla. Ya ɗauko takarda ya rubuta duka da Larabci saboda limaminmu, ya sa hannu, Gwaggo ta dangwala yatsa. Ita kuma ta sa wuƙa ta yanke wani maɓallin ta ba ni. Na tambayi kabarin, ta ce babu wanda ya sani, ko ita, in je in tsaya ko'ina a Ma'ala, yana ciki.

Da la'asar Siraju ya raka ni, yana gaba ina baya kamar yaronsa, muka wuce askarawa biyu ba su tanka ba. Na tsaya a cikin filin duwatsun nan, nesa da dutsen Abbas, na ɗaga hannu na roƙa wa Mamman gafara. Wannan ce addu'ar farko da wani daga gidanmu ya yi masa. Da za mu rabu Siraju ya kira ni ɗan ammi, wato ɗan baffa, ya kawar da kai.

Dawowa ta ci shekara ɗaya da rabi. Ba zan ba da labarinta ba, hanyar ce dai, sai dai ni na ƙara tsufa. Duk garin da muka haɗu da mutanen wajenmu sai in ƙi tambaya, don tsoron amsa.

Na same shi da rai, a kan buzunsa a zaure, ya zama kamar kara. Bai tambaye ni hanya ba. Na sa masa maɓallin a hannu, ya shafa ya ce ba shi ba ne, wancan yana da lotsawa a gefe. Na ce haka ne, na ba shi labarin Abbas. Sannan na faɗa masa komai a jere, har da kwana ukun Turanci, ban rage ba. Yana ji yana juya maɓallin.

Da na gama ya daina juya shi. Sai ya ce, "Sunan nawa fa? Ya faɗa?"

"Bai taɓa ba, Baba. Ko sau ɗaya."

Ya juya fuskarsa wajen bango. Na ba shi lokacinsa. Da ya juyo sai ya ce a kai wa liman takarda, a gaya wa mata su daka gumba, a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Kwana uku ya zauna karɓar gaisuwa, yana da shekara tamanin da ɗoriya. Duk wanda ya zo ya ce masa ya haƙuri, sai ya amsa kamar jiya aka yi rasuwar.